Na kasa sakin shagon da muka gina da marigayi, ku ba ni shawara

Uwar Teloli:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Na daɗe ina karanta abin da kuke rubutawa ban taɓa sa baki ba. Yau dai abin ya ci ƙarfina, shi ya sa na kawo muku.

Ni tela ce a Kano, haka ma maigidana marigayi. Shi manyan kaya yake ɗinkawa, babbar riga da jamfa da aikin wuya, ni kuma kayan mata. Da kekuna biyu na ƙafa muka fara a zauren gidanmu. Da Allah ya buɗa muka kama shago a bakin titi, sai ya ce ba ya son mu tsaya a neman kuɗi kawai, mu riƙa ɗaukar marayu mata da zawarawa muna koya musu kyauta. Haka kuwa aka yi. Duk wadda hannunta ya faɗa sai mu yi mata 'yar walima mu yaye ta, in da hali mu haɗa mata da keke ko da tsoho ne.

Ya rasu a farkon azumin 2020, lokacin da aka kulle Kano saboda korona, kwanakin nan da ake ta rasa dattawa a gari. Mutane kaɗan ne suka samu zuwa jana'iza, gaisuwa kusan duk ta waya aka yi. Na yi takabata, ran da na fita ban zarce ko'ina ba sai shago. Tun daga ranar ni ce buɗewa ni ce rufewa. Ba na barin kowa ya sa almakashi a shaddar mutane sai ni. Lokacin ɗinkin sallah a can nake kwana.

Yanzu jiki ya fara ƙi. Likita ya ce yanar ido ce ta fara rufe mini idon hagu, ga hawan jini. Zura zare a allura sai na kira yarinya. Muna da babbar ɗaliba wadda marigayi da kansa ya koya wa yanka, ta iya komai, kuma ban taɓa kama ta da ha'inci ba. 'Ya'yana mata sun ce in miƙa mata ragama in huta. Babban ɗana kuwa cewa ya yi a sayar da kekunan a saki shagon gaba ɗaya. Ita ma ɗalibar tana da nata tunanin, tana son a riƙa tallata kaya a WhatsApp da Instagram, a kuma riƙa karɓar kuɗin koyo daga masu hali.

Duk ran da na yi niyyar ba ta makulli, sai in ji kamar zan sake binne shi ne. Don Allah wanda ya taɓa sakin abin da ya gina da dukkan zuciyarsa ya faɗa mini yadda ya yi. Kuma in na saki, ban ci amanarsa ba?

Nas Mai Ritaya:
Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙansa, ya sa aikin nan da ya fara ya zame masa sadaka mai gudana.

Yaya, bari in fara da ɓangaren da na sani. Yanar ido ba makanta ba ce. Ƙaramin aiki ake yi a cire ta, na ga tsofaffin da suka girme ki sun koma karatun Alƙur'ani bayan an yi musu. Kada ki bari tsoron ido ya yanke miki hukunci a kan shago. Abin da ya fi damuna shi ne hawan jini tare da kwana a kan keke. Wannan kam jiki ba ya yafe shi.

Sai wata magana da nake so ki duba. Kin ce gaisuwa ta waya aka yi. Mu nan idan an yi rasuwa gida cika yake, a zauna da ke, a ba ki labarin mamacin da ke kanki ba ki sani ba, ki yi kuka a kafaɗar 'yar'uwa. Ke ba ki samu wannan ba, ke da mata da yawa da suka yi rashi a wancan watan. A ganina shagon nan shi ya zame miki zaman makokin da ba a yi ba, kuma har yau ba ki tashi daga zaman ba.

Ɗan Sabon Gari:
Allah ya gafarta masa. Hajiya, ni shawarata ta saɓa da ta 'ya'yanki. Kada ki saki.

Ina cikin waɗanda gobarar kasuwar Sabon Gari ta watan Maris na 2016 ta ci wa shago. Cikin dare wutar ta tashi, kafin in iso ba abin da ya rage sai ƙarafan kanta. Na ga abin da ya biyo baya da idona. Dattawan da suka ce sun gaji suka koma gida, da yawansu ba su daɗe ba ciwo ya kwantar da su. Waɗanda suka dawo suka kasa kaya ko da a kan tebur ne, a rana, su ne har yau muke gaisawa. Mutumin da ya saba fita da sassafe, ran da ya rasa wurin zuwa ranar ya fara tsufa.

Ni ƙarfi aka fi ni aka karɓe nawa. Ke naki yana hannunki, kina da lafiyar zuwa, a ce ki miƙa da kanki? A yi aikin ido, a rage kwana a shago, a ci gaba.

Tsohuwar Ɗalibar Ɗinki:
Mama, Allah ya ƙara miki lafiya. Ki yafe mini, zan yi magana ne daga ɓangaren waɗanda suke zaune a kan benci suna kallo, don na zauna a wurin.

A Kaduna na koyi ɗinki wurin wata baiwar Allah. Har gobe ina yi mata addu'a, ita ta ciyar da ni ta tufatar da ni, ita ta tsaya mini lokacin aurena. Ban taɓa ganin mai son sana'arta kamarta ba. Sai dai son nan ya hana ta barin kowa ya taɓa komai. Mu ne guga, mu ne sa maɓalli, mu ne kalmasa. Yanka nata ne, awo nata ne, ciniki nata ne, zuwa kasuwa sayen zare da shafi nata ne. Ko ka yi ɗinki ya yi kyau sai ta farke wani wuri ta gyara. Ba mugunta ba ce, ta yarda ne har zuciyarta cewa in ba hannunta ba abin ba zai yi daidai ba.

Waɗanda suka fi iyawa su suka fara tafiya, ɗaya bayan ɗaya. Ran da shanyewar ɓarin jiki ta same ta, mu da muka rage ba wadda ta san dilan da take karɓar kaya bashi a wurinsa, ba wadda ta san wa ya biya wa bai biya ba, don duk a kanta lissafin yake. Kafin wata sallar ta zagayo an rufe shagon. Tana raye ta ga an kwashe kekunan.

Ɗalibar nan taki ta iya, ke da bakinki kika faɗa. Mai iyawa ba ta zama har abada tana jiran a ba ta almakashi. In ta tafi, ba ke za ki saki shagon ba, shi zai sake ki.

Ɗan Sabon Gari:
Ga irinta nan. Yaran yanzu gaggawa ce da ku. An ɗauke ku ba ku san komai ba, an koya muku kyauta, sai kuma a wayi gari ana jiran uwar ɗaki ta matsa. Mu da muka yi yaron shago sai da maigida ya ga dama ya sallame mu, ba mu taɓa ƙirga masa kwana ba.

Tsohuwar Ɗalibar Ɗinki:
Baba, ai kai ma ka ce ya sallame ku. Ya ba ku jari, ya nuna ku ga dilolinsa, ya ce ga yarona ku yarda da shi. Abin da nake roƙa wa wannan yarinyar ke nan. Ban ce Mama ta koma gida ta rufe ƙofa ba.

Mai Kula da Zaure:
Don Allah mu sassauta. Baiwar Allah ce ta kawo ciwonta, kada mu mayar da shi rigimar manya da yara. Kowa ya faɗi nasa ya bar wa wani.

Uwar Teloli:
Ba komai, duk ina karantawa. 'Yata ta Kaduna, maganarki ta yi mini zafi amma ban ji haushinki ba. Sai dai ki sani shadda mai tsada in aka ɓata ta ni ce zan biya, kuma sunan marigayi ne a jikin allon shagon. Mutum ya kawo kayan aurensa saboda wannan sunan.

Ƙanwata Nas, na karanta naki sai da na ajiye wayar na ɗan jima. Ban taɓa kallon abin ta nan ba.

Malamin Tarihi, Sakkwato:
Hajiya, Allah shi jiƙan malam. Tun da kin tambayi yadda waɗanda suka gina abu da zuciyarsu suka yi, bari in kawo miki na garinmu, don ba mu da waɗanda suka fi su ƙaunar abin da suka gina.

Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya kwashe shekaru yana yawon wa'azi a Gobir da Zamfara da Kabi, ya yi hijira zuwa Gudu a 1804, aka yi yaƙe-yaƙe har Alƙalawa, babban birnin Gobir, ta faɗi a 1808. Da abin ya tabbata, bai ce sai shi zai riƙe komai ba. A 1812 ya raba kula da ƙasa, yamma ga ƙanensa Abdullahi, gabas ga ɗansa Muhammadu Bello, shi kuma ya koma ga karantarwa da rubutu. Yana raye ya yi haka, da hankalinsa, yana ganin yadda suke tafiyar da ita har ya rasu a 1817. Mulkin yau da kullum ya saki. Aikin da ya fito dominsa tun farko, wato ilmantar da mutane, bai sake shi ba ko na yini ɗaya.

Na Malam Abdullahi ma ya fi kusa da zuciyata. Mutum ne mai zafin kishin gaskiya, har akwai lokacin da ya ga wasu daga cikin mayaƙa sun karkata ga ganima da neman sarauta, ransa ya ɓaci ya bar rundunar da niyyar tafiya gabas. A Kano ya tsaya, mutanenku suka riƙe shi ya karantar da su, daga baya ya komo. Da Shehu ya rasu, shi ne ƙane, shi ne babban malami, shi ne waziri, amma ya tarar an yi wa Bello mubaya'a. Abin bai yi masa daɗi ba, kuma an ɗauki lokaci akwai sanyi tsakaninsu. Sai a yaƙin Kalambaina, da Bello ya kawo masa ɗauki, suka haɗu, Abdullahi ya gaishe da ɗan wansa a matsayin Sarkin Musulmi. Ki duba, mutum irin wannan ma sai da ya ɗauki shekaru kafin zuciyarsa ta sauko. To ke don me za ki zargi kanki don taki ba ta sauko dare ɗaya ba?

Na uku na mata ne. Nana Asma'u ta kafa 'yan taru, tana horar da jajoji, manyan mata da ke zuwa ƙauyuka suna koyar da 'yan'uwansu. Ba ta ce sai ita za ta shiga kowane ƙauye ba. Tana ɗora wa jaji malfa ta naɗa mata jan rawani, kowa ya gani ya san wagga da izinin Nana take magana. Ta rasu a 1864, 'yar'uwarta Maryam ta ci gaba, kuma 'yan taru ba su mutu ba har zamaninmu.

Abin da nike so ki ɗauka daga na Nana shi ne a bainar jama'a ta yi naɗin. In za ki ba yarinyar nan, kada ki miƙa mata makulli a ɓoye kamar abin kunya. Ki tara waɗanda kuka yaye, ki kira manyan masu kawo ɗinki, ki ce ga wadda malam ya koya wa yanka da hannunsa. Tsoron da kike ji game da sunansa a jikin allo, nan ne maganinsa yake.

Ɗan Sabon Gari:
Malam, Allah ya ƙara ilimi. Amma ka lura Shehu ƙanensa da ɗansa ya ba wa, jininsa. Wannan yarinyar bare ce. Gobe in ta yi ƙarfi ta sauke allon ta sa sunanta, wa zai hana ta?

Malamin Tarihi, Sakkwato:
Alhaji, tutocin da Shehu ya bayar fa? Sulaimanu a Kano, Malam Musa a Zazzau, Yakubu a Bauchi, Buba Yero a Gombe, Modibbo Adama a Fombina. Ba 'ya'yansa ba ne, almajiransa ne da mabiyansa. Tsoronka dai yana da wuri, amma rubutu da shaidu ke maganinsa.

Matashi Mai Lissafi:
Mama, ina gaisuwa. Ni aikina duba littattafan ƙananan 'yan kasuwa ne, don haka ki yi haƙuri zan sauko da maganar ƙasa.

Kowa a nan yana magana a kan zuciya, ba wanda ya tambaya ko shagon yana ɗaukar kansa. Tun da aka cire tallafin mai a ƙarshen watan Mayun 2023, duk telan da ke aiki da janareta ya san abin da ya same shi. Kuɗin haya ya tashi, zare ya tashi, mutane kuma sun rage ɗinki, mai yin kala uku da sallah ya koma ɗaya. Tambayoyina su ne: bayan an biya haya da mai da abincin yara, akwai abin da ke ragewa? Ko daga aljihun 'ya'yanki ake cikawa? In daga wurinsu ne, to babban ɗanki da ya ce a sayar ba rashin ƙaunar mahaifinsa ba ne, wataƙila shi ne kaɗai yake ganin ramin.

Na ga wurare da yawa da aka kafa don Allah suka rushe saboda wanda ya kafa yana ganin maganar kuɗi kamar tana rage lada. Shawarar ɗalibarki ta karɓar kuɗi daga masu hali ita ce hanyar da marayun za su ci gaba da koyo kyauta. 'Yar mai kuɗi ɗaya tana iya ɗaukar nauyin marayu biyu. Tallan WhatsApp kuwa ko kobo ba ya ci sai data.

Uwar Teloli:
Ɗana, ka taɓo inda yake. Wata biyu ko uku a shekara shagon yana ɗaukar kansa har da ragi, wato gabanin sallah da lokacin bukukuwa. Sauran watannin babban ɗana ne ke cika kuɗin mai, bai taɓa yi mini gori ba.

Kalmar marigayi ita ce kada a karɓi ko sisi daga hannun marainiya. Na yi ta juya ta yau. Marainiya ya ce. Bai taɓa cewa komai a kan 'ya'yan masu hali ba, don a lokacinsa ba sa zuwa.

Mahaifiyar Marigayiya:
Anti, ni ban san komai a kan shago ba. 'Yata na rasa, budurwa, ana shirin aurenta. Abin da ya sa na sa baki shi ne kalmar da kika yi cewa kamar za ki sake binne shi.

Akwatunan lefenta sun daɗe a ɗakina ba na barin a taɓa. Duk wanda ya shigo sai ya ce in yi haƙuri, in daina kuka, kuka yana cutar da mamaci. Sai na koma ina ɓuya in yi. Da na samu ƙarfin fitar da kayan, na mayar wa dangin yaron nasu, nata na raba wa ƙawayenta da wasu marayu a unguwa. Ranar na yi kukan da ban yi ba ran jana'iza. Ba zan ce miki ciwon ya tafi ba, yana nan. Amma tsoron da nake ji cewa zan manta ta in kayan suka fita, bai tabbata ba. Muryarta tana kunnena yanzu haka da nake rubutun nan.

Ki shirya wa kuka a ranar da za ki miƙa. Zai zo, kuma ba alamar kin yi kuskure ba ne.

Almajirin Fiƙihu:
Allah ya jiƙanta, ya ba ki ladan haƙuri. 'Yar'uwa, waɗanda suka hana ki kuka sun tsaurara abin da shari'a ba ta tsaurara ba. Manzon Allah (SAW) ya zubar da hawaye lokacin da ɗansa Ibrahim yake barin duniya, ya ce ido yana hawaye, zuciya tana baƙin ciki, ba ma faɗin komai sai abin da zai yardar da Ubangijinmu. Annabi Yaƙubu ya yi baƙin cikin Yusufu har idanunsa suka yi fari, Alƙur'ani bai zarge shi ba. Abin da aka hana shi ne kururuwa da marin fuska da yaga tufafi.

Hajiya mai tambaya, akwai abin da ba a taɓo ba, kuma shi ya kamata ya zo farko. An raba gado kuwa? Kekunan da marigayi ya saya da kuɗinsa, da jarin da ya bari, tun ranar da ya rasu sun zama na magada. Ke kina da tumuni, wato kashi ɗaya cikin takwas, tun da akwai 'ya'ya, sauran nasu ne, tare da iyayensa in suna raye lokacin. Abin da kika saya da kuɗinki naki ne, abin da kuka yi tarayya a kai a fitar da rabonki tukuna. Don haka ba za ki iya miƙa wa ɗalibarki abin da ba naki ke kaɗai ba, haka shi ma babban ɗanki ba zai iya sayarwa shi kaɗai ba.

Maganar da marigayi ya yi a kan marayu, in wasiyya ce da dukiya, tana aiki ne a cikin sulusi, abin da ya wuce haka sai da yardar magada. Hanya mafi kyau da nake gani ita ce a tara magada, a kira malami masanin gado ko a je kotun shari'a, kowa ya san rabonsa. Bayan nan duk wanda ya so ya mayar da rabonsa na kekunan waƙafi don koyar da marayu, ladan ya isa ga mahaifinsu. Abin da aka yi waƙafi ba a sayar da shi, ba a gadonsa. Ita ɗalibar sai ta zama mai kula, da sharuɗɗa a rubuce da shaidu. Wannan ya amsa tsoron Alhaji na Sabon Gari. Wanda kuma ya ce shi rabonsa yake so, a ba shi ba tare da an ɓata masa suna ba, haƙƙinsa ne.

A kan cin amana kuwa: amanar ita ce marayu su ci gaba da koyo. Khalid bin Walid, Sayyidina Umar ya sauke shi daga jagorancin runduna a Sham ya ɗora Abu Ubaida, bai ajiye takobinsa ba, ya ci gaba da yaƙi a ƙarƙashinsa.

Baƙo Daga Maraɗi:
Salamu alaikum. Hajiya, mu abokan cinikinku ne, daga Kantin Kwari muke saro atamfa da shadda mu kawo nan. Bari in gaya miki yadda mahaifina ya yi da ni, ko zai yi amfani.

Da ƙafa ta fara damunsa, ya kira ni ya ba ni makulli da littafin bashi. Ya kai ni Kano da kansa, layi layi, ya nuna ni ga duk wanda yake hulɗa da shi. Amma bai zauna gida ba. Kullum da hantsi sai a kawo shi, a shimfiɗa masa tabarma a bakin shago, yana gaisawa da mutane yana jan carbi. Ya yi mini alkawari ɗaya kuma ya cika: bai taɓa gyara mini ciniki a gaban mai saye ba. Ko ya ga na yi araha, ko na ba da bashi ga wanda bai dace ba, shiru yake yi. Sai bayan isha'i, muna cin tuwo, ya ce wane da ka ba kaya yau, ka san ubansa? Sai ya ba ni labari. Daga baya ya gaya mini shirun nan ya fi masa ciwon ƙafar wuya.

Da aka rufe iyaka bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, kaya suka daina shigowa wata da watanni. Da a lokacin ne aka fara ba ni shagon, da na rushe. Amma na riga na saba, dilolinmu na Kano sun san muryata, kuma tsohon yana gefe yana cewa ya ga irin wannan a 1984 ya wuce. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ɗan Sabon Gari:
To in irin wannan ne ban ƙi ba. Abin da nake gudu shi ne a ajiye ta a ɗaki a ce ta huta. Amma ina nan a kan bakana game da kayan aure da manyan shaddodi, waɗannan kam ta ci gaba da sa ido. Suna ba ya dawowa in ya zube.

Nas Mai Ritaya:
Sa ido daban, kwana a kan keke daban, Alhaji. Yaya, ki je a sa miki ranar aikin idon yanzu, kada ki ce sai bayan sallah, don kullum akwai wata sallar a gaba. Bayan aikin za a hana ki sunkuyo da shiga ƙura na ɗan lokaci. Makonnin nan ki bar mata shagon gaba ɗaya ki ga yadda za ta yi. Ba ki yanke komai ba, jinya kike yi.

Uwar Teloli:
Allah ya saka wa kowa da alheri, har da waɗanda suka biyo ni ta akwatin sirri. Malam Almajiri, ba a raba gadon ba. Yaran ne suka ce a bar komai yadda yake saboda ni, ni kuma ban sake tayar da maganar ba. Na kira babban ɗana ɗazu na ce ya tara ƙannensa ranar Juma'a bayan la'asar, kawunsu ma zai zo. Daga nan za mu fara.

Ban ce na shirya miƙawa ba, kada in yi muku ƙarya. Koyar da sababbin yara dai ba zan bari ba ko da wa ke riƙe da makulli, don shi ne abin da na fi so tun farko, kuma rabon da in zauna in koya wa yarinya riƙe almakashi a natse tun yana raye. Shirun da mahaifin baƙonmu na Maraɗi ya yi shi ne ban san ko zan iya ba.

'Yata ta Kaduna, tambaya gare ki. In aka ce ta riƙe shagon, me ya kamata a ba ta? Albashi ko kaso? Ba na son in zalunce ta, ba na son kuma magada su ga an yi kyauta da haƙƙinsu.

Tsohuwar Ɗalibar Ɗinki:
Mama, in ni ce kaso zan so, don mai kaso tana tashi da wuri ba sai an tashe ta ba. A fitar da haya da mai da zare da abincin yara tukuna, abin da ya rage a raba yadda kuka yarda, a rubuta. Watannin da ba ciniki kuma a yanka mata wani ɗan abu tsayayye, don ita ma tana da cefane. Littafi ɗaya na shiga da fita, ke da babban yaya ku riƙa dubawa ƙarshen wata.

Amma kafin ranar Juma'a ki zaunar da ita ku biyu ki tambaye ta ko tana so, da kuma abin da take tsoro. Duk zaren nan mu ne muke ta yi mata magana, ita ba a ji bakinta ba.

Matashi Mai Lissafi:
Haka ne. Mama, in kin yarda zan tsara muku yadda littafin zai kasance, shafi ɗaya na ɗinki, shafi ɗaya na kuɗin koyo, don a riƙa ganin nawa ne ke tafiya ga marayun. Ki sa ɗaya daga cikin 'ya'yanki ta turo mini kuɗin hayar shekara da abin da kuke kashewa a mai duk mako, da yawan kekunan da ke aiki.